Ƙarancin Azurfa da Kuɗin Madadi a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Kafin zuwan Turawa, ƙauyuka irin su Kiyako, waɗanda ke ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a ƙarƙashin masarautar Kano ta wancan zamani, da wuri suke saye da sayarwa, azurfa kuwa sai a hannun fatake da sarakuna, galibi liyari, wato dalar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tariza da shekarar 1780. A Kano ta 1851, wani matafiyi mai suna Barth ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda.

Abin da ya kori wuri shi ne haraji da gyaɗa, domin hukumar Turawa ta nemi dagatai su riƙa kai wa hakimai haraji da jangali cikin kuɗin ƙarfe, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni suka shiga sayen gyaɗa da sulalla. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, wadda ta fitar da fataka da sule da sisi da taro na azurfa a 1913, suka haɗu da kwabo da anini masu huji a tsakiya, anini kuwa shi ne kashi ɗaya cikin goma na kwabo.

Manomi dai ƙarfen ya amince wa, ba hoton sarkin Ingila ba, kuma yana da hujja, tunda sulen azurfa yana jure binnewa a tukunya, gara ba ta cinsa, in ta kama kuma maƙerin fari ya narka shi ya ƙera wa amarya munduwa ko zobe. Saboda haka yawancin sulallan da ke fita karkara da kaka ba sa komowa, kuma da Yaƙin Duniya na Farko ya kawo cikas ga jigila, farashin azurfa ya tashi, sai ƙaranci ya tsananta har aka buga takardar sule ɗaya a 1918. Mutane suka guje ta, wanda ya karɓa ma sai an yi masa ragi, har a 1920 aka koma sulallan farin ƙarfe gauraye da tagulla, masu launin ɗorawa.

Ingila ma ta taɓa shiga irin wannan hali a zamanin yaƙin Napoliyon, lokacin da Bankin Ingila ya sake buga tambarinsa a kan dalolin Sifaniya a 1804, ya kuma fitar da azurfar madadi ta sule uku da ta sule da sisi daga 1811 zuwa 1816. Waɗannan a yau masu tara tsofaffin kuɗi ke nemansu a kasuwannin gwanjo, alhali azurfar 1913 da ta tsira a kudancin Jigawa, wadda maƙera ba su narka ba, akan same ta a cikin kayan gadon tsofaffin mata, wata an huda ta an rataya.