Zuƙowar dijital a kyamarori masu dogon hange: yadda take aiki da lokacin da ya dace a yi amfani da ita

Kyamara mai dogon hange ita ce wadda aka haɗa mata gilashi guda ɗaya da ba a cire shi, amma yana iya ɗaukar fili mai faɗi, ya kuma jawo abin da ke nesa ya kawo shi kusa. Cikin fitattunsu akwai Nikon Coolpix P900 ta shekarar 2015 mai zuƙowa ninki 83, da P1000 ta 2018 mai ninki 125, da Canon PowerShot SX70 HS mai ninki 65, da Panasonic Lumix FZ80 mai ninki 60. Sai dai lambar da ake gani a jikin kwali ko a bakin mai talla takan zarce waɗannan, domin an haɗa da zuƙowar dijital. Duk mai niyyar sayen irin wannan kyamara, ko mai sayar da ita, ya kamata ya san bambancin.

Zuƙowa iri biyu

Ta farko ita ce zuƙowar gilashi. A nan gilasan da ke cikin bututun kyamara ne suke motsawa, su faɗaɗa siffar abin da ake hange kafin haske ya sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto. Dukkan ɗigogin sensar, waɗanda ake kira fiksel, suna aiki, don haka yawansu ba ya raguwa.

Ta biyu ita ce zuƙowar dijital, wadda kan fara aiki bayan gilashi ya kai iyakarsa. Kyamara tana yanke tsakiyar hoton ne, ta zubar da gefuna, sannan ta miƙe abin da ya rage har ya cika ma'aunin farko. Ɗigogin da ta ƙara hasashe ne daga na kusa da su, ba sabon bayani ba ne daga abin da aka ɗauka.

Lissafin asarar

Idan aka zuƙo ninki biyu, ana raba faɗi biyu, a raba tsawo biyu, sai kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigogin ya rage. Kyamara mai megafiksel 16, irin P1000, za ta koma aiki da megafiksel 4. A ninki huɗu kuwa megafiksel 1 kacal ke saura, ko da fayil ɗin ya ci gaba da nuna 16. Shi ya sa P1000, wadda gilashinta ke kaiwa kwatankwacin milimita 3,000, take iya nuna milimita 12,000 da dijital, amma hoton ya fito dishi-dishi.

Abin da ke ƙara tsananta matsalar shi ne ƙanƙantar sensa. Yawancin waɗannan kyamarori suna da sensar da faɗinta bai wuce milimita 6 da ɗan wani abu ba, tsawonta kuma kimanin 4.5. Duk tabo da ƙwarya-ƙwaryar da ke cikin hoto, musamman idan haske ya yi ƙaranci, zuƙowar dijital faɗaɗa su take yi tare da hoton.

Sunayen da kamfanoni suka raɗa

Kamfanoni sun fito da wani mataki na tsakiya wanda ke amfani da lissafi mai zurfi wajen gyara gefunan siffofi. Sony na kiransa Clear Image Zoom, Canon na kiransa ZoomPlus, Nikon kuma Dynamic Fine Zoom, yayin da Panasonic ke cewa Intelligent Zoom. Galibi yana ninka ƙarfin gilashi sau biyu, kuma sakamakonsa ya fi na zuƙowar dijital zalla kyan gani. Duk da haka yanka ne da miƙewa, kuma ba ya dawo da abin da gilashi bai kama ba.

Inda take da amfani

Ba a ce a yi watsi da ita baki ɗaya ba. Hoton da za a tura a WhatsApp ko a ɗora a Facebook ba ya buƙatar ɗigogi masu yawa, kuma buga kati mai inci 4 da 6 na buƙatar kimanin megafiksel 2 ne kawai. Haka nan a bidiyon Full HD, wanda kowane hotonsa kimanin megafiksel 2 ne, kyamara na da rarar ɗigogin da za ta yanka ba tare da asara mai yawa ba. Zuƙowar tana kuma taimaka wa kyamara ta saita ido da auna haske a kan ƙaramin abu, kamar tsuntsu a dausayin Hadejia da Nguru ko mahayi a hawan sallah. Amma hoton da za a buga a kalanda, ko allon talla, ko rahoton ofis, gara a tsaya a iyakar gilashi, a yanke shi daga baya a kwamfuta, inda ake da zaɓi kuma asalin yana nan. Kyamarori da yawa ma ba sa barin zuƙowar dijital ta yi aiki idan an zaɓi fayil na RAW.

Abin lura wajen ɗauka da wajen saye

Gwargwadon nisan zuƙowa, gwargwadon yadda rawar hannu ke bayyana. Ya dace a ɗora kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku ko a jingina ta da bango, a bar na'urar hana girgiza a kunne idan da hannu ake riƙe, a kuma yi amfani da agogon jinkiri domin kada latsa maɓalli ya motsa ta. Hazon hunturu da hucin zafin rana da ke tashi daga ƙasa suna ɓata hoton nesa komai ingancin kyamara, don haka safiya bayan gari ya waye sosai ta fi dacewa.

A kasuwa kuwa, abin da mai saye zai fara tambaya shi ne ninkin zuƙowar gilashi da girman sensa. Sony RX10 IV ninki 25 kawai take zuƙowa, amma sensarta mai inci ɗaya ta ninka ta P1000 girma kusan sau huɗu, kuma hotonta ya fi tsabta idan haske ya ragu. Kafin a biya kuɗi, a ɗauki hoton wani rubutu mai nisa sau biyu, ɗaya a iyakar gilashi, ɗaya a iyakar dijital, a buɗe su a babban allo a kwatanta.