Yadda Janareta Ya Yi Fama da Zafi

Tarihin janareta mai ba da wutar lantarki mai sauya alkibla, wato wadda take zuwa ta dawo sau da yawa cikin daƙiƙa guda, tarihi ne na fama da zafi, domin duk ƙarfin da aka kashe wajen juya injin, in bai fito lantarki ba, zafi yake komawa. Bayan Michael Faraday ya gano a 1831 cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya yana haifar da lantarki, sai Hippolyte Pixii ya ƙera inji a Faris a 1832, inda ake juya maganaɗisu da hannu kusa da naɗin waya da ke tsaye, kuma wannan tsari na ɓangare mai juyawa da ɓangare mai tsayuwa shi manyan janaretoci suke bi har yau.

Asarar da ke cikin wayar jan ƙarfe ba ta daɗe tana ɓuya ba, tun da James Joule ya nuna a farkon shekarun 1840 cewa in lantarkin da ke bin waya ya ninka biyu, zafinsa yakan ninka huɗu. Wadda ta fi wahalar da maƙera ita ce ta baƙin ƙarfen da ake naɗa wayar a jikinsa. Léon Foucault ya lura a 1855 cewa ƙarfen da ke ratsa maganaɗisu yakan yi zafi saboda wani lantarki da ke kewayawa a cikinsa a banza, shi ya sa aka daina amfani da dunƙulallen ƙarfe aka koma jera shi falle-falle, kowane falle da rufin da ke raba shi da maƙwabcinsa. Saura kuma taurin kan ƙarfen kansa, wanda ba ya sakin maganaɗisun da ya sha sai an tilasta masa, abin da James Ewing ya raɗa wa suna histeresis. Charles Steinmetz ya fitar da lissafinsa a Amurka a 1892, sannan Robert Hadfield na Ingila ya nuna a 1900 cewa gauraya ƙarfe da silikon yana rage waɗannan asarori biyu na baƙin ƙarfe.

Gogayyar boris da iskar da ɓangare mai juyawa yake kaɗawa su ma suna cin rabonsu, har ta kai a 1937 aka kunna janaretan farko da ake sanyayawa da iskar haidirojin a Dayton ta jihar Ohio, saboda ta fi iskar duniya rashin nauyi da saurin kwashe zafi. Manyan janaretocin tashoshin lantarki na yau suna mayar da fiye da kashi 98 cikin 100 na ƙarfin da aka juya su da shi zuwa lantarki.