Daga Jakin Fatake zuwa Moton Krofrom: Tarihin Hirar Ƙarfe da Bindigar Aro



Duk wanda ya taɓa zama a dandalin ataya a Krofrom bayan sallar isha'i ya san yadda hirar masu babur take tafiya. An jera motoci a bakin kwata, injinansu ba su gama hucewa ba, butar shayi tana kan gawayi. Wani zai ce Boxer ya fi juriya a hanyar Tafo, wani ya ce Haojin ya fi sauƙin kayan gyara, na uku ya rantse cewa tsohon Yamaha na babansa ya fi su duka ƙashi. Daga nan a gangara kan sarƙa da birki da baƙin mai, da wane Masta ne a Magazine yake da hannu a gyaran kafireto, da ko hular kwano ta cancanci kuɗinta a wannan zafi. In dare ya yi nisa, sai wani ya sassauta murya ya kawo zancen bindiga: wadda ya gani a hannun wani, wadda maƙera ke ƙerawa a ɓoye, wadda aka ce ana ba yaran manya lokacin zaɓe. A nan ne idanun ƙananan yara suke buɗewa.

Wannan hira ta girmi babur da kansa. Kakanninmu sun yi irinta a zangon ayari, sai dai su abin hawansu yana cin ciyawa. Kuma tarihin zamanmu a Kumasi ya riga ya nuna abin da abin hawa ya yi mana da abin da bindiga ta yi mana, in da mai waiwayawa.

A ƙarni na 19, fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su bi ta Borgu da ƙasar Dagomba, su yi watanni a hanya kafin su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da goro, wanda yake fitowa daga kurmin Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba, jakuna da takarkarai suna ɗauke da kaya. In an yada zango, zancen dare bai wuce wane jaki ya yi ɗingishi, wane doki ya fi numfashi, wane akumari ya ci bayan dabba, da inda 'yan fashi suka tare ayarin da ya wuce.

A wancan zamani ƙasar nan ta rabu biyu ta fuskar ƙarfi. Arewa tana da doki, kudu tana da bindiga. Doki ba ya daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando. Bindiga kuwa da albarushi daga bakin teku suke shigowa, daga hannun Turawan da suka gina ganuwowi a Elmina da Cape Coast da Osu, kuma sarakunan Asante suna tsare hanya don kada makamin ya wuce arewa da yawa. Abin da Musulmin arewa suka kawo wa fadar Kumasi shi ne alƙalami. Baturen nan Bowdich da ya zo a 1817, da Dupuis da ya biyo shi a 1820, duk sun tarar da malamai a fadar Asantehene Osei Bonsu, suna rubuta wasiƙu da layu. Har yau rigar yaƙin sarakunan Asante, batakari, lulluɓe take da layun da hannun malamai ya rubuta. Da ilimi da fatauci aka fara saninmu a garin nan.

Bindiga ta shigo hannun Bahaushe a ƙasar nan ta wata ƙofa dabam. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara rundunar Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu, ba su da gari ba su da dangi kusa. Da Ingila ta yaƙi Asante a 1873 zuwa 1874, aka kawo su. Janar Wolseley ya shiga Kumasi a watan Fabrairun 1874 ya ƙone ta, rundunar Glover ta iso ta gabas 'yan kwanaki bayan haka. A 1879 aka kafa rundunar tsaro ta Gold Coast, jama'a suka riƙa kiranta rundunar Hausa, ko da yake cikinta akwai Moshi da Gurunshi da Dagomba da Yarabawa da sauran ƙabilu. Harshen bariki Hausa ne, don haka duk abin da mai kaki ya aikata, sunan Bahaushe yake ɗauka. Sunan da mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa wani rukunin 'yan sandan Turawa, wato buga-buga, kalmarmu ce, kuma ba yabo ba ne.

Da wannan runduna aka dawo Kumasi a Janairun 1896, aka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya, aka kai shi Elmina, sannan Saliyo, daga bisani tsibirin Seychelles, bai sake ganin garinsa ba sai 1924. A daidai wannan lokaci ne fatake suka fara cika Kumasi, domin yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar can. Zango ya tashi da mutum iri biyu: mai kayan goro da mai bindigar Bature.

Sai shekarar 1900 ta zo. Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya hau, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ja mutanenta zuwa yaƙi, aka kewaye ganuwar Turawa da ke tsakiyar gari. Manya suna ciki. Iyalan sojoji da 'yan kasuwa baƙi kuwa suka cunkushe a gindin bango ta waje, yunwa da cuta suka kashe da yawansu. A watan Yuni gwamna ya ɓalle ya nufi bakin teku da mafi yawan masu ƙarfi, ɗauki bai iso wa waɗanda aka bari ba sai tsakiyar Yuli. Ganuwar tana nan har gobe, ita ce gidan tarihin sojoji kusa da Adum. Duk saurayin da bindiga take burge shi ya kamata ya je ya ga makaman da aka jera a ciki, sannan ya fito ya tsaya a gindin bangon ya tuna su wa suka kwana a nan.

Haka aka ci gaba. A 1901 rundunar ta zama Gold Coast Regiment. Sojanta mai suna Alhaji Grunshi shi ake cewa ya yi harbin farko a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo, cikin Agustan 1914. A yaƙi na biyu an kai samarin ƙasar nan har Bama. Da suka dawo suka nemi haƙƙinsu, ranar 28 ga Fabrairun 1948 aka harbe uku daga cikin tsofaffin sojoji a mararrabar Osu: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Mai bindiga yakan karɓi abarsa in buƙatarsa ta biya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya zauna a hannun mutane shi ne ƙarfe mai tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya riƙa bin teku zuwa Ikko, daga baya lori ya karɓe hanyar arewa daga jaki. 'Ya'yan fatake suka zama direbobi da 'yan kamasho da dillalan tasha. Tsofaffin sojoji da suka koyi tuƙi da kanikanci a bariki suka ci abinci da su har tsufansu. Tashar Krofrom da ke ɗaukar fasinjan Bolga da Bawku jikanyar zangon ayari ce, kuma sunan unguwar kansa a harshen Twi yana nufin sabon gari.

Sunan Magazine ma yana da labari. A Turanci kalmar tana nufin ma'ajiyar makamai, kuma asalinta daga Larabci ne, makhazin, wato rumbuna. Wajen shekarun 1930 maƙera da kanikawa suka taru a inda tsohuwar ma'ajiyar makaman Turawa take a cikin gari, jama'a suka riƙa kiransu da sunan wurin. Da aka mayar da su Suame a farkon shekarun 1960, sunan ya bi su. Yau wurin yana cikin manyan matattarar masu gyaran injuna a Afirka, ya bazu har ya taɓo Krofrom. Inda sunan yake nufin albarushi, yanzu yana nufin yaro ya shiga hannun Masta yana wanke sifana, ya fito bayan 'yan shekaru da sana'ar da zai yi aure da ita. Kalmar babur ita ma daga Larabci muka aro ta, inda take nufin injin tururi, kamar yadda bindiga ta fito daga bundukiyya. Duka biyun baƙi ne a bakinmu. Ɗaya ya zama ɗan gida.

Daga shekarun 2000, baburan Sin da Indiya masu araha suka cika ƙasa. Aboboya mai ƙafa uku ta ɗauki buhunan masara da kwandunan tumatir daga kasuwa, pragya ta ɗauki mata da 'yan makaranta, okada ta shiga lungunan da tasi ba ya shiga. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma yunwa ba ta jiran doka, har maganar halatta sana'ar ta zama abin kamfe a zaɓen 2020. Saurayin da yake biyan kuɗin moto kullum ga mai shi har ya zama nasa, hanyar kakansa ya bi, wanda ya fara da ɗaukar kayan madugu kafin ya mallaki jakinsa.

Sai dai tsohuwar ƙofar ba ta rufe ba, masu ba da aro ne suka sauya. A rikicin siyasar Kumasi na 1954 zuwa 1956, tsakanin jam'iyyar CPP da NLM, Zango ya tsage biyu, samarinsa suka shiga faɗan da ba su suka haɗa ba. Da ƙura ta lafa, a 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya, duk da sun ce su 'yan ƙasar nan ne. A Nuwamban 1969 dokar Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, gidaje da yawa a Zango suka zama kufai. Wanda ake kallo a matsayin baƙo, laifinsa ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai.

Zamaninmu ma ya ga nasa. Ranar 17 ga Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zangon Asawase a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar hakan ba, aka dakatar da jami'ai 21, aka biya iyalai diyya. Diyya ba ta tayar da mamaci. Abin tambaya shi ne me ya sa zargin ya yi saurin kama su tun farko. A Janairun 2019 wasu a kan babur suka harbe ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a Madina. A Fabrairun shekarar wasu a kan babura suka buɗe wuta a ofishin wata babbar jam'iyya a Amakom, rai ya salwanta. A wannan shekara majalisa ta yi dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga, Act 999, mai ɗaurin da ba ya gaza shekara 10. Duk lokacin da babur da bindiga suka haɗu a labari ɗaya, dubban masu neman halal ne suke biya a shingen 'yan sanda washegari, kuma mai hula da gemu da sunan Musulmi ake fara tsayarwa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ban ce a daina hira ba. Hira ita ce makarantar masu sana'a, a nan yaro yake koyon bambancin fulogi mai kyau da jabu, da inda rami yake a hanyar Mampong. Amma babba ya sani cewa abin da ya yaba a dandali shi ƙanensa zai yi sha'awa. Wani dattijo, tsohon direban lori, ya taɓa jin samari suna zuzuta bindigar wani, sai ya ce musu: "'Ya'yana, ku tambayi mai ita wa ya ba shi, kuma ina mai bayarwar zai kasance ranar da aka kama shi." Ba wanda ya amsa. Sannan ya nuna hular kwanon da ke rataye a madubin wani babur, ya ce wannan ce layar zamaninku, a ka ake sa ta.

Gaskiyarsa. Dokar hanya ta 2004 ta wajabta hular ga direba da fasinja, kuma wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sashen haɗari na asibitin Komfo Anokye ba ya buƙatar a karanta masa doka. Takardun moto su cika, lamba ta fito sarai, birki ya kama, kada a ba da aron babur ga wanda ba a san inda za shi ba. Waɗannan su ne akumari da linzamin yau, kuma sun isa a kwana ana gardama a kansu.

Masallatai da makarantun allo da gidajen da muka gāda a Zango, da kuɗin goro da shanu da lori da ɗinki aka gina su. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare masu fita nema a kan ƙarfe, Ya dawo da kowa gidansa lafiya. Wanda kakansa ya yi fatauci ko ya yi soja, ya ba mu labarin da ya ji a gida, domin da yawa daga tarihin nan yana bakin tsofaffi ne kawai.