Gidan Waya da Sunayen Garuruwanmu

Ko kun san dalilin da ya sa ake ce wa wurin aika wasiƙa gidan waya?

A zamanin da, manzo ne ke kai saƙon sarki, a ƙafa ko bisa doki ko raƙumi. Talaka kuwa sai ya ba fatake takardar ajami su kai masa. Da Faransawa suka ci ƙasar nan, sai suka ja wayar ƙarfe bisa itatuwa daga bariki zuwa bariki, don kwamandoji su riƙa jin labarin juna da sauri. A ɗakin da ake buga wayar, nan ake karɓar wasiƙu. Sunan gidan waya ke nan.

A shekara ta 1921 aka fara sayar da tambur mai sunan Nijar, da hoton mutum bisa raƙumi. A lokacin, Damagaram ce babban birni. A 1926 aka mai da mulki Yamai, manyan ofisoshi suka koma can. Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta shiga ƙungiyar gidajen waya ta duniya a 1961.

Kowane gidan waya yana da hatimi mai sunan garinsa. Amma Nasara ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, da baƙaƙen Faransanci. Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Tasawa ta zama Tessaoua, Madawa ta zama Madaoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. Ku lura: inda muke rubuta u ko w, su suna sa ou. Yamai kuma Niamey ake rubutawa, Damagaram kuwa Zinder.

Sunayen nan ba banza ba ne. Dogon Dutsi ya samu sunansa daga dutsen da ke tsaye kusa da garin. Birnin Ƙonni gari ne mai ganuwa, wanda sojojin Faransa suka ƙone a 1899. Maradi kuwa sunan wata sarauta ce ta Katsinawa.

To, ga inda ake samun ɓata. Wani suna garuruwa biyu ke da shi. A takarda akwai Tibiri ta kusa da Maradi, akwai Tibiri ta jihar Doso. Akwai Birni N'Konni, akwai Birni N'Gaouré. Ɗan ci-rani a Abijan ko Kumasi in ya aiko takarda ya rubuta "Birni" kawai, ina ma'aikaci zai kai ta?

Saboda haka, ɗan uwa, ka koyi rubuta sunan garinku iri biyu: yadda kakanni suka faɗe shi, da yadda yake a hatimi. A bayan ambulan ka sa sunan mutum, da ƙauye, da babban garin da ke kusa, da ƙasa. Kuma ka tambayi tsofaffi ma'anar sunan ƙauyenku, ka rubuta, ka ajiye wa yara.