Sinadarin Magani a Magungunan Kifi

Sinadarin magani shi ne ainihin abin da ke yin aiki a cikin maganin da ake zuba wa kifi. Sunan da kamfani ya raɗa wa kayansa daban yake da sunan sinadarin, wanda akan rubuta da ƙananan haruffa a jikin leda ko kwalba. Wasu masu kiwon tarwaɗa kan sayi magani a shagunan maganin kaji, inda kwalabe biyu masu suna daban kan ƙunshi sinadari guda. Wanda ya haɗa su ya ninka adadin sinadarin bai sani ba.

Oksitetirasaikilin, wanda kamfanin Pfizer ya fitar a 1950 da sunan Terramycin, bakteriya yake hana yaɗuwa, ba ya taɓa tsutsa ko ƙwarin fata. Fomalin, mai kashi 37 cikin 100 na fomaldihaid, na maganin ƙwarin, amma yana rage iskar da ke cikin ruwa. Sinadarin malakait girin kuwa, Amurka da Tarayyar Turai sun hana amfani da shi ga kifin ci. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ke yi wa magungunan dabbobi rajista a Najeriya.