DAGA FATOMA ZUWA LAMBAR ƘOFA: INA MAI GIDAN YA SHIGA?

Watan jiya muka je Kaduna ɗaurin auren 'yar yayana. Mu bakwai ne har da Hajiya mahaifiyata, sai aka ba ni shawara, maimakon ɗakuna uku a otal, mu kama gida sukutum, irin waɗanda ake haya na kwana biyu ko uku ku dafa abincinku da kanku, waɗanda yaran yanzu ke ce wa shotlet. Na ga hotuna a waya, na tura kuɗi, aka turo min lambobi huɗu ta WhatsApp aka ce su ne makulli.

Mun isa bayan isha'i. Lamba ta ƙi buɗe ƙofa. Na kira wanda na tura wa kuɗin ya fi sau goma, tana shiga ba a ɗauka. Wani dattijo mai gadin gidan da ke maƙwabtaka shi ya fito wa Hajiya da benci da ruwan sha. Sai bayan kusan awa guda aka turo sabuwar lamba, wai an canja an manta ba a faɗa mana ba. Muka shiga. Talabijin kamar allon aji, tayil sai ƙyalli, amma babu buta, tukunyar gas wayam, ko ashana babu, balle wanda zai nuna mana alƙibla. Hajiya ta dubi falon nan ta ce, "Wai ni kam, gidan nan ba shi da mai shi ne?"

Tambayar nan ce ta sa ni wannan dogon rubutu, ku yi haƙuri. Domin saukar da baƙo a karɓi kuɗinsa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sana'a ce mai suna, mai ƙa'ida, kakanninmu sun yi ta shekaru aru-aru.

Mu fara da Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya shigo birnin a watan Fabrairun 1851, ya ƙiyasta mazauna garin sun kai 30,000, amma a lokacin rani da fatauci ya kankama yawan kan kai 60,000. Ka ga ke nan a wasu watanni rabin mutanen Kano baƙi ne. To a ina suke kwana, alhali babu otal ko ɗaya? Amsar tana cikin sunayen unguwanni: Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Zangon Barebari. Ita kuwa Alfindiki, masana na danganta sunanta da kalmar Larabci ta masaukin fatake. Kowane baƙo yana da ƙofar da zai yi sallama, kuma a bayan ƙofar akwai mutum. Wannan mutumin shi ne fatoma.

Fatoma ba ɗaki kaɗai yake bayarwa ba. Shi zai tarbi falke, ya nuna masa inda zai ɗaure jakunansa, ya adana masa kaya a inda ruwa da ɓarawo ba za su taɓa ba. Daga cikin gidansa akushi zai fito. Shi ne tafinta idan harshe ya bambanta, shi zai faɗa maka farashin kasuwa na gaskiya kafin a yi maka sakiyar da babu ruwa, shi zai haɗa ka da dillali. Idan ka yi ciwo shi zai nemo magani, idan ta Allah ta kasance shi zai yi maka sutura ya riƙe dukiyarka har magada su zo. Idan kuma ka yi laifi a gari, shi hukuma za ta fara tambaya. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Fatoma shi ne ɗan jagora.

Inda tsarin ya fi fitowa fili shi ne hanyar goro zuwa Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, wani lokaci mutum dubu ko fiye, da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata. Su tsallake Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi wata da watanni kafin su isa Salaga, a arewacin Ghana ta yau, inda goron Asante ke jiransu. Mutumin da ya yi wannan tafiya, dukiyarsa duka tana bayan jaki, ba zai miƙa ta ga wanda bai yarda da shi ba. Shi ya sa falke kan sauka gidan da ubansa ya saba sauka, ɗan fatoma kuma ya gaji baƙin ubansa kamar yadda ake gadon gona. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanen suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra da sauran garuruwa, suka tafi da sana'arsu. Kalmar zango da ake kiran unguwannin Musulmi da ita a Ghana har gobe, daga wannan rayuwar ta fatauci ta fito.

Kada wani ya ce ina yi wa zamanin da kwalliya. Fatoma ɗan kasuwa ne, ba waliyyi ba. Abincin da yake ciyar da kai yana fanshe shi a la'adar cinikin da aka yi a zaurensa. Kuma gaskiya ɗaya ce, Salaga babbar kasuwar bayi ce, cikin "kayan" da aka adana a wasu gidajen akwai 'yan Adam. Wannan tabo ne, ba a goge shi da daɗin baki. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, ko a matsayin kasuwanci tsantsa, sun gane cewa jarin mai masauki shi ne amana.

Hujja mafi ƙarfi tana Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a can a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda cinikin shanu da goro ke gudana. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka gidan mai gida. Mahauta Yarabawa za su ɗauki shanun bashi, shi baƙo bai san su ba, bai san gidajensu ba. Mai gida ne ke tsaya masa. Idan mahauci ya ci bashin, mai gida zai biya, domin ranar da labari ya koma Arewa cewa an cuci baƙo a gidan wane, to kasuwarsa ta mutu. Babu banki a tsakani, babu lauya. Sunan mutum ɗaya ne ke riƙe da dukiyar jama'a.

To daga ina aka samo masaukin da babu mai gida a ciki? A ganina sai mu duba bariki. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, an giggina gidajen hutu a kan hanyoyin rangadi. Di'o zai iso da kukunsa da gadonsa na tafiya da akwatunan abincinsa, ya dafa nasa ya ci. Ka ga ke nan ainihin "kama gida ka dafa da kanka" ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Akwai sarkin bariki mai shara da kawo ruwa da itace, dagaci kuma ya tara ƙwai da kaji a kai gaisuwa, sau da yawa daga aljihun talaka. Amma wannan ba karɓar baƙo ba ce, hidimar mai mulki ce. Barikin yana bayan gari, wanda ke ciki ba ya ƙarƙashin idon kowa. Ina jin ba banza ba Bahaushe ya ɗauki kalmar ya ba ta wata ma'ana, har aka samu ɗan bariki da zaman bariki, wato rayuwar da babu mai ce maka don me.

Bayan 'yancin kai muka gaji tsarin muka faɗaɗa shi. Aka yi Hamdala a Kaduna, aka yi Durbar saboda bikin FESTAC na 1977, gwamnatin Audu Bako ta yi Bagauda, Yankari da aka buɗe wa jama'a a 1962 ta samu ɗakunan kwana kusa da ruwan ɗumi na Wikki. Duk wanda aiki ya taɓa kai shi gidan saukar baƙi na gwamnati a wata ƙaramar hukuma ya san yadda labarin yakan ƙare: gini na kowa, kula ba ta kowa ba, a nemo mai riƙe da makulli a kasuwa. Sannan aka kafa Airbnb a Amurka a 2008, salon ya zagaye duniya ya iso mana. Yau a Abuja da Kaduna da Kano mutum zai gina gida, ya zuba kaya, ya ɗora hoto, ya koma gefe yana jiran shigowar kuɗi. Mun ɗauki ginin fatoma mun zuba masa halin bariki.

Abin bai tsaya kan buta da ashana ba. A wannan hali na tsaro da muke ciki, gidan da mai shi bai taɓa ganin fuskar wanda ya kwana a ciki ba, maƙwabta ba su san wa ya shiga ba, mai unguwa bai da labari, hatsari ne ga unguwa, hatsari ne ga shi kansa baƙon. Da Hajiya ta tashi da ciwo cikin daren nan, wa zan buga wa ƙofa? Wane asibiti ne kusa? A da baƙo yana da wanda zai tsaya masa, gari kuma yana da wanda zai tambaya. Yanzu duka biyun sun rasa.

Ban ce a daina sana'ar ba. Tana rufa wa mutane asiri, kuma ga mai iyali ta fi otal sauƙi da sutura. Roƙona ga masu gidajen kaɗan ne. A samu mutum mai rai da zai tarbi baƙo a ƙofa, ya yi masa sannu da zuwa, ya san sunansa da inda ya fito. A ajiye buta da darduma, a manna alamar alƙibla a bango. A duba gas da ruwa da wuta kafin baƙo ya iso, ba bayan ya kira ba. A bar ruwan sha da ɗan ganyen shayi da sukari na daren farko, domin wanda ya sha hanya ba kasuwa zai nufa ba. A rubuta a takarda inda masallaci da kemis da asibiti suke, da lambar da idan an kira za a ɗauka. Washegari a leƙo ko a bugo a ce, an tashi lafiya? Duka wannan bai kai kuɗin labulen falo ɗaya ba. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, mu kuwa mun zuba kuɗin duka a tabarma.

Mu ma baƙi da namu. Wanda ya bar gidan mutane kaca-kaca, ya tara jama'a da kiɗa har asuba, ya fasa kofi ya ɓoye, shi ma ya karya tasa rabin amanar. Falken da ya yi haka a Salaga ba zai sake samun zauren sauka ba.

Ranar da za mu taho, Hajiya ta sa aka zuba cincin da dubulan na biki a leda, ta ce a kai wa dattijon nan mai gadi. Na ce, Hajiya, ai ba a gidansu muka sauka ba. Ta ce, "Shi ya ba ni ruwa, shi ne mai masaukina."

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar baƙo, ya sa mu dace.