Lokutan aikatau na Ingilishi: jagora ga mai jin Hausa da Faransanci

A Abidjan Faransanci ne harshen makaranta da ofis, amma ɗan kasuwar Adjamé ko Treichville ba ya rasa hulɗa da masu Ingilishi. Biyu daga cikin ƙasashe 5 da ke iyaka da Côte d'Ivoire, wato Ghana da Laberiya, da shi suke aiki. Hanyar Abidjan zuwa Legas, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, ta iyakar Noé da Elubo take shiga Ghana. Yara kuma suna fara darasin Ingilishi tun ajin farko na sakandare.

A saƙon ciniki, lokacin aikatau na iya zama maganar kuɗi. Wanda ya rubuta "I sent the money" ya ce ya riga ya tura. Wanda ya rubuta "I will send the money" alkawari kawai ya yi.

Littattafan makaranta sukan jera sigogi 12, amma 5 daga cikinsu sun ishi mai koyo yawancin zancen yau da kullum. Wanda ya san inda suka dace da Hausa, da inda Faransanci ke ruɗarwa, ya rage wa kansa wahala.

Sabo da aikin da ake ciki

Faransanci yana cewa "je vends" ko sana'a ake nufi ko abin da ake yi yanzu. Ingilishi ya raba su, kamar yadda Hausa ta raba "nakan" da "ina". "I sell phones" sana'a ce ko al'ada, "I am selling a phone" kuwa cinikin ake ciki. Sai dai Bahaushe yakan ce "ina sayar da waya" yana nufin sana'arsa, kuma a nan sigar farko Ingilishi yake so. Idan "he", "she" ko "it" ne mai aikin, ana ƙara -s: "he sells".

Abin da ya wuce

Nan ne aka fi tuntuɓe. "Na biya" na iya zama "I paid" ko "I have paid". Idan an ambaci lokacin da ya riga ya ƙare, kamar jiya ko bara, ta farko ake ɗauka: "I paid yesterday". Idan labarin biyan ne ake bayarwa ba tare da faɗin lokaci ba, sai a ce "I have paid". Wanda ya saba da "j'ai payé hier" yakan kwaikwayi ginin ya ce "I have paid yesterday", wanda kuskure ne.

Yawancin aikatau -ed suke ɗauka. Wasu da aka fi amfani da su kuwa sauya kama suke yi, sai an haddace su: "buy" ya koma "bought", "go" ya koma "went".

Abin da aka fara, bai ƙare ba

Hausa na cewa "tun 2015 nake zaune a Treichville", Faransanci na cewa "j'habite à Treichville depuis 2015". Dukansu lokaci mai ci suka sa. Ingilishi ya saɓa musu: "I have lived in Treichville since 2015". Ana sa "since" kafin mafarin lokacin, "for" kuma kafin tsawonsa: "for ten years".

Lokaci na gaba

"Zan" tana daidai da "will" ko "going to". Tafiyar da aka riga aka sa wa rana takan zo da sigar aikin da ake ciki: "I am travelling to Accra on Monday". Bayan "when" da "if" ba a sa "will", ko da abin bai faru ba tukuna. "Idan kaya sun iso zan biya" shi ne "When the goods arrive, I will pay". Faransanci a nan lokaci na gaba yake sawa, "quand la marchandise arrivera", shi ya sa ɗalibai ke cusa "will" sau biyu.

Sani da ganewa

"Na sani" da "na gane" suna da kamar shuɗaɗɗen lokaci, amma halin yanzu suke nufi. Fassararsu ita ce "I know" da "I understand". Irin waɗannan aikatau ba su cika ɗaukar -ing ba.

Yadda za a gwada

Kafin zaɓen siga, mai koyo ya tambayi kansa: aikin ya ƙare? An faɗi lokacinsa? Sabo ne ko yanzu ake yi? Sannan ya ɗauki jimla ɗaya daga sana'arsa, kamar "na tura kaya", ya rubuta ta da Hausa, Faransanci da Ingilishi a jere, yana sauya "kullum", "yanzu", "jiya", "tun" da "gobe". Duk layin da harsunan 3 suka rabu, shi ya kamata ya fi maimaitawa.